Yadda Ake Zaɓar Girman Bututun Mayar da Ruwa a Tankin Murjani

Mutum zai sayi famfo an rubuta a kwalinsa lita 4,000 a awa, ya haɗa, ya kunna, sai ya ga abin da ke fitowa a saman tanki bai kai rabin haka ba. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne an sayar masa da jabu. Galibi famfon ba shi da laifi. Lambar da ke jikin kwali ita ce abin da zai tura idan ba ya ɗaga ruwa sama ko kaɗan, kuma babu bututu a bakinsa. Da ka ɗora masa hawan mita ɗaya da ɗoriya, ka bi da ruwan ta siririn bututu mai kwana uku ko huɗu, lissafi ya canza. Hawan dai ba yadda za ka yi da shi, tunda tanki na bisa kabad. Bututu kuwa a hannunka yake, kuma nan ne mafi yawan ruwa ke salwanta.

Ga wanda bai saba ba, tsarin haka yake. Akwai tankin sama, na gilashi, inda murjani mai rai, halittar teku, da kifi suke cikin ruwan gishiri. Akwai tankin ƙasa a cikin kabad, inda ake ɓoye na'urar kumfa mai cire datti, da hita, da safar tace ruwa. Ruwa na gangarowa ƙasa da kansa ta akwatin malala, famfo kuma ya mayar da shi sama. Wannan hanyar komawa ita za mu auna. Shawarata tun farko: famfo shi ne abu na ƙarshe da za ka saya.

Fara da yawan ruwan da kake so ya zagaya

Abin da masu wannan harka suka fi bi yanzu shi ne ruwan da ke ratsa tankin ƙasa ya kai ninki 3 zuwa 5 na ruwan tankin sama a kowace awa. A da ana yawan cewa ninki 10, amma hakan na kawo ƙara da ƙananan kumfa da ke komawa sama su dagula ruwa, ba tare da wani amfani na a zo a gani ba.

Kada ka haɗa wannan da motsin da murjani ke buƙata. Murjani masu laushi na son ruwa ya juya kamar ninki 10 zuwa 20 a awa, masu ƙashi irin su Acropora kuwa har ninki 50 ko fiye. Wannan aikin ƙananan fankokin ruwa ne da ake maƙalawa a jikin gilashi da maganaɗisu. Wanda ya ce da famfon ƙasa zai samar da wannan motsin, zai ƙare da ƙaton inji mai cin wuta da dumama ruwa.

Mu ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. A lissafi lita 432 ke nan, amma idan aka cire duwatsu da yashi da ɗan sararin sama, a ce 400. Ninki 5 ya ba mu lita 2,000 a awa. Da wannan lambar za mu yi aiki har ƙarshe. Idan za ka ciri wani reshe daga bututun zuwa na'urar sanyaya ruwa ko wata matata, ƙara abin da take buƙata a kai tun yanzu.

Duba hanyar gangarowa kafin ta hawa

Duk abin da ka tura sama dole ya samu hanyar saukowa. Idan famfo ya fi ƙarfin magudana, tankin sama zai cika ya tumbatsa a tsakar ɗaki. Tsari uku aka fi sani. Durso bututu ɗaya ne mai ƙaramin ramin iska a kai, yana aiki shiru idan ba a matsa masa ba. Herbie bututu biyu ne: ɗaya a cike da ruwa ba iska, ana daidaita shi da bawul, ɗayan kuma na ko-ta-kwana, ya ɗan fi tsayi. BeanAnimal uku ne, shi ya fi kwanciyar hankali.

Bututun inci 1 da ke cike da ruwa ba iska, mai gangaren kusan mita guda, na iya ɗaukar sama da lita 3,500 a awa, don haka ya ishe mu. Shi wannan bututun idan iska na shiga ciki, abin da zai ɗauka ba tare da gurnani ba ya ragu ƙwarai. Abin da ba a sassautawa shi ne na ko-ta-kwana: girmansa ya kai na babban bututu ko ya fi, ba bawul a jikinsa, kuma ya iya kwashe ruwan gaba ɗaya shi kaɗai ranar da dodon koɗi ya toshe ɗan uwansa.

Auna hawa

Ɗauki tef ka auna a tsaye, daga saman ruwan ɗakin famfo, wato sashen tankin ƙasa da famfo ke zaune a ciki, zuwa saman ruwan tankin sama. Daga saman ruwa ake farawa, ba daga inda famfon ke zaune ba. Ruwan wannan ɗakin shi ne ke raguwa idan ruwa ya bi iska, saboda haka auna daga matakin da ya fi ƙasa. A misalinmu mita 1.2 ne. Sannan auna tsawon bututun da za ka shimfiɗa, har da wanda zai kwanta, a ce mita 2, ka ƙirga kwana, a ce elbo 3, wato mahaɗin da ke karya kwana.

Girman bututu: nan ake ci, nan ake faɗuwa

Sunan bututu daban, ramin cikinsa daban. A ma'aunin Amurka na bututun roba na PVC mai lamba 40 (lambar kaurin jikinsa ce), bututun inci ½ ramin cikinsa kusan milimita 16 ne, na inci ¾ kusan 21, na inci 1 kusan 26.6, na inci 1¼ kusan 35. Mai lamba 80, wanda galibi launin toka ne, ya fi kauri, don haka raminsa ya fi ƙanƙanta: inci 1 nasa bai wuce milimita 24.3 ba. Bututun Turai kuwa da faɗin waje ake kiransa, 20, 25, 32, 40. Na 25 raminsa kusan 21 ne, na 32 kusan 27. Inci da milimita ba sa shiga juna daidai, sai da mahaɗi na musamman. Duba wanne tankinka ya zo da shi kafin ka tafi kasuwa, kuma ka tafi da samfuri a aljihu.

Koren bututun PPR da masu aikin famfo ke amfani da shi a gidaje yanzu yana ruɗar mutane. Mai kaurin nan na ruwan zafi, idan an ce 25, raminsa bai kai milimita 17 ba, wato kusan daidai yake da inci ½. Ga shi kuma yawancin mahaɗansa masu zare da tagulla a ciki. Tagulla da jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi. Duk abin da zai taɓa ruwan nan ya zama roba zalla, har bawul, har abin ɗaure tiyo idan zai nutse.

Ƙa'idar da masu aikin ruwa ke bi ita ce gudun ruwa a cikin bututun PVC kada ya wuce mita 1.5 a daƙiƙa. A tankin gida na fi son ya tsaya wajen mita 1, don shiru. Lissafin ba wuya. Raba faɗin rami biyu, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka ninka da 3.14. Wannan shi ne girman bakin ramin. Ninka shi da 3.6, sannan ka raba litocinka da sakamakon. Na inci 1: 13.3 sau 13.3 sau 3.14 ya ba da kusan 555, sau 3.6 ya zama kusan 2,000. Lita 2,000 a raba da 2,000, mita 1 a daƙiƙa cif. Na inci ¾ zai ba ka 1.6, ya ɗan haura iyaka. Na inci ½ zai ba ka 2.8.

Idan ba ka son lissafi, riƙe wannan. A gudun mita 1.5, inci ½ na ɗaukar kusan lita 1,050 a awa, inci ¾ kusan 1,850, inci 1 kusan 3,000, inci 1¼ kusan 5,200, inci 1½ kusan 7,100. Waɗannan iyaka ne, ba abin da za ka nufa ba.

Dalilin duk wannan shi ne gugar ruwa da jikin bututu. Tana cin ƙarfin famfo tamkar an ƙara masa hawa, shi ya sa ake auna ta da mita. A lita 2,000 a awa, kowace mita ta bututun inci 1 na ƙara wa famfo kusan santimita 4 da rabi. Ta inci ¾ na ƙara 14. Ta inci ½ na ƙara 55. Dubi tazarar: bambancin rami na milimita 10 kacal ya ninka gugar fiye da sau 12. Kuma idan ka ninka yawan ruwa biyu a bututu ɗaya, gugar kusan sau huɗu take ƙaruwa. Shi ya sa sayen babban famfo a ɗora shi kan siririn bututu asarar kuɗi ce kawai: rabin ƙarin ƙarfin a bututun zai ƙare.

Kwana ma na da nata kason. Elbo na digiri 90 ana lissafa shi daidai da miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗin ramin sau 30. Na inci 1, kowane elbo santimita 80 ne. Na inci ¾, kusan 63. Na inci ½, kusan 47. Elbo na digiri 45 kusan rabin haka yake, don haka jera biyu a maimakon ɗaya na 90 ba ya rage wani abin kirki, duk da yadda ake yawan faɗa. Abin da ke ragewa shi ne kwana mai faɗin zagaye, ko tiyo mai kauri da ke lanƙwasa a hankali.

Yanzu mu tara. Da inci 1: mita 2 da elbo 3 sun zama mita 4.4, gugarsu kusan santimita 20, jimillar abin da famfo zai yi fama da shi mita 1.4. Da inci ¾: mita 3.9, guga santimita 55, jimilla mita 1.75. Da inci ½: mita 3.4, guga kusan mita 1.9, jimilla mita 3.1. A na ƙarshen nan bututu ya fi hawan kansa nauyi.

Wani zai ce ai bakin famfon nasa inci ¾ ne, mene ne amfanin sa masa inci 1? Amfanin na nan. Matsin bakin famfo na ɗan taƙi ne, guga kuwa da tsawo take taruwa. Sa mahaɗin ƙara girma daf da bakin famfo, ka ci gaba da babban bututu har sama. Haka idan ramin gilashin tankinka na inci ¾ ne, kai inci 1 har gindinsa sannan ka rage. Irin mahaɗin nan mai ƙaya-ƙaya da ake cusawa cikin tiyo shi ma yana rage rami sosai. Leƙa cikinsa ka ga abin da ya rage, in da hali ɗauki na gaba da shi.

Bakin fitar ruwa

Wannan wurin mutane da yawa ke mantawa. Sai mutum ya yi komai da inci 1, a ƙarshe ya ɗaura ɗan baki guda mai gaɓa-gaɓa irin na Loc-Line, mai ramin milimita 13. Lita 2,000 ta wannan ramin sai ta yi gudun sama da mita 4 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗai na cin kusan mita guda na ƙarfin famfo. Duk ribar babban bututu ta tafi. Ga shi ruwan zai fito da tsini, ya tone yashi, ya ɗaye naman murjanin da ke gabansa. Baki ɗaya na inci ¾ na cin kusan santimita 20. Idan ka raba ruwan gida biyu, kowanne da bakin inci ¾, abin ya koma kusan santimita 5. Wajen rabawa, ka sa rassan biyu su yi kusan tsawo ɗaya, in ba haka ba gajeren zai kwashe ruwan.

Sai yanzu famfo

Kowane famfon kirki na zuwa da zanen da ke nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi. Kamfanoni irin su Eheim na Jamus, Sicce na Italiya da Jebao na Sin duk suna bugawa a kwali ko a takardar ciki. Nemo jimillar da ka lissafa, ƙara na bakin fita, ka ga ko a nan yana ba da lita 2,000. Ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a kai, domin bayan wasu watanni cikin bututu zai yi gansakuka da ƙananan tsutsotsi masu ɓawo.

A ce famfon nan na lita 4,000 iyakar hawansa mita 3.5 ne, kuma ƙarfinsa na raguwa daidai-wa-daida yayin da hawa ke ƙaruwa. A bututun inci 1 zai ba ka wajen lita 2,350. A inci ¾, wajen 2,000. A inci ½, wajen 1,450. Famfo ɗaya, wuta ɗaya, bambancin lita 900 a awa, kuma bambancin kuɗin bututun bai taka kara ya karya ba.

Ni dai na fi karkata ga famfon DC mai madannin rage gudu. Za ka sayi wanda ya ɗan fi buƙata, ka sauke shi zuwa kashi 60 ko 70, ya yi shiru, ya rage cin wuta. Wannan na da muhimmanci ga mai tanki a Kano ko Maraɗi: kusan duk wutar da famfon cikin ruwa ya ci, zafi take komawa a cikin ruwan, murjani kuwa digiri 24 zuwa 26 yake so, ga bazarar da ke haura 40. Idan kuma daga Amurka za a kawo maka famfon AC, lura da cewa nasu na wutar 120 ne mai juyi 60 a daƙiƙa, tamu kuwa wajen 230 ce mai juyi 50. Taransifoma zai gyara ƙarfin wuta, amma ba zai gyara juyi ba, famfon zai yi ƙasa da abin da zanensa ya nuna.

Haɗawa

Jera komai a bushe tukuna, ba gam, ka yi wa kowace mahaɗa alama da alƙalamin maka. Ka tuna da gam bututu na shigewa ciki fiye da yadda ya shiga a bushe, don haka ka lissafa da zurfin soket ɗin gaba ɗaya. Yanke a miƙe, kankare bakin. Daga famfo, fara da guntun tiyo mai laushi kamar santimita 10 zuwa 15 don ya shanye girgiza, sai yuniyon, wato mahaɗi mai zare da ake kwancewa da hannu, sai bawul na roba mai girman bututun. Yuniyon ɗin nan kada ka yi masa rowa, shi ne zai ba ka damar ciro famfo ka wanke ba tare da zarto ba. Ɗaure bututu a jikin kabad, kada nauyinsa ya rataya a gilashi. Mahaɗin da ke ratsa gilashi da hannu ake ɗaure shi, a ɗan ƙara kaɗan, robar kuma ta zauna a gefen kan mahaɗin, ba gefen noti ba. Bar gam ya kwana ya yini, awa 24, sannan ka gwada da ruwan daɗi kafin ka zuba na gishiri.

Bawul a gefen fita kaɗai ake rage shi. Idan famfonka na wajen tanki ne, bututun da ke kai masa ruwa ya zama gajere, ya kai girman bakin shiga ko ya fi. Famfon da aka shaƙe ta baya zai riƙa ƙaraf-ƙaraf, farfelarsa ta cinye.

Gwajin ɗauke wuta

A wurinmu wannan ba sai an jira ba, zai zo da kansa, wataƙila yau da dare. Da famfo ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama sai ya juya ya riƙa zuƙo shi ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, ba zai daina ba sai bakinsa ya shaƙi iska. Tankinmu mai 120 da 60, kowace santimita ɗaya ta samansa lita 7.2 ce. Idan bakin fita na nutse da santimita 5, lita 36 ce za ta sauko, ban da abin da ke cikin bututu. Dole tankin ƙasa ya kasance da sararin da zai karɓe ta har da rara.

Magani mafi aminci shi ne ka ɗaga bakin ya zauna santimita 1 zuwa 2 ƙarƙashin ruwa. Ana kuma huda rami na milimita 3 ko 4 a jikin bututu daf da saman ruwa, don iska ta shiga da wuri. Yana aiki, amma gishiri da gansakuka na toshe shi, don haka huda biyu, ka riƙa zura tsinke lokaci-lokaci. Bawul mai hana ruwa komawa baya kuwa, kada ka ɗora lafiyar ɗakinka a kansa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma shi ma yana cin ƙarfin famfo.

Gwada da idonka. Kashe famfo, tsaya har ruwa ya daina sauka, ka yi wa matakin alama a jikin tankin ƙasa. Toshe ƙananan ramukan da yatsa ka sake, don ka ga mafi munin abin da zai iya faruwa. Kunna, ka tabbatar magudana ta kama aiki da kanta cikin 'yan mintuna. Sannan rufe bawul ɗin babbar magudana gaba ɗaya famfo na aiki, ka ga ko ta ko-ta-kwana ta riƙe. Mai canzawa tsakanin wutar gari da janareta da inbata zai ga wannan tsayawa da tashi sau da yawa a rana, don haka ya maimaita gwajin har ya gamsu.

Auna abin da ka samu

Idan ruwa ya daidaita, abin da ke saukowa daidai yake da abin da ke hawa. Tara bokiti mai lita 10 a bakin magudana ka duba agogo. Ya cika a daƙiƙa 18, lita 2,000 ke nan a awa. Daƙiƙa 24, lita 1,500. Raba 36,000 da yawan daƙiƙun, shi ne amsarka. Ruwan da ka tara fita ya yi daga ɗakin famfo, don haka mayar da shi nan take kada famfo ya sha iska.

Rubuta lambar a jikin ƙofar kabad da kwanan wata. Bayan wata 3 ko 4 ka sake aunawa. Idan ta ragu sosai, kwance yuniyon, ciro farfela, jiƙa ta cikin ruwan garin sitirik asid na 'yan awanni har farin ɓawon ya narke, ka ɗauraye da ruwan daɗi, ka zura buroshi mai dogon hannu cikin bututun da bakin fita kafin ka mayar.